Rigar da Sosamma Ta Yanka

Sosamma matar wana ce, kuma tun ranar da aka kawo ta gidanmu ban taɓa cin ta a gardama ba. Gajeriya ce mai ƙaramar murya. Ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata kusa da garin Kottayam, kuma har ta tsufa in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba. Malama kowa ke ce mata. Ni Yaya nake kiranta, in tsokana ta motsa mini in ce Shugaba.

Ni da ita duka 'yan alkawari ne. Ba mu bar duniya ba kamar masu zuhudu, muna da gidajenmu da 'ya'yanmu da gonakin roba. Amma kowannenmu ya taɓa durƙusawa a gaban babban Fada na wani gidan zuhudu, ya yi alkawarin bin tsarin addu'arsu daga inda yake har iyakar ransa. Gida ɗaya ake yi wa alkawarin, ba biyu ba. Shi kuma gidan ya ba ka jagora mai duba lamarinka, sannan ranar da ka mutu jagoran ya kawo baƙar riga irin ta masu zuhudu a sa maka, a binne ka a cikinta. Kada ka raina rigar nan. Na san mutanen da suka fi damuwa da ita a kan takardar gonarsu.

Gidan zuhudunmu na asali shi ne wanda muke kira Gidan Tudu, can sama cikin gonakin shayi. Bayan rasuwar wana Sosamma ta fara hawa can, ni kuma na bi ta don ni ke da jif. To, masu zuhudun suka tsufa, samari suka ƙi zuwa, aka wayi gari an sa wa ƙofa kwaɗo, aka kwashe tsofaffin da suka rage zuwa Gidan Kwari da ke bakin kogi. Mu kuma aka ce kowa ya sauko ya durƙusa, ya faɗa da bakinsa cewa ya saki Gidan Tudu ya kama Gidan Kwari. Muka faɗa. Sosamma ta faɗa tana kuka, ni na faɗa ina hararar silin. Mutum ɗaya ne ya ƙi, tsoho Ittup mai faskaren itace, wanda ya yi shekara da shekaru yana kai wa Gidan Tudu makamashi. Kowace Lahadi sai ya hau da sandarsa, ya tsaya a gaban rufaffiyar ƙofar ya karanta zabura, ya sauko.

A Gidan Kwari jagoranmu Fada Kuruvila ne, dogo, mai tsafta, mai son komai ya zauna a inda aka ajiye shi. Ya ɗauki Sosamma mataimakiyarsa don ta riƙa kula da mata. Ta haka ta shiga ƙungiyar jagorori, inda jagoran kowane gida ke haɗuwa da 'yan'uwansa sau ɗaya a shekara. Da lokacin zaɓe ya zo, Fada biyu na manyan gidaje suka ƙi sakar wa juna, sai aka ɗora wa Sosamma shugabanci don kowa yana ganin ba za ta takura masa ba. Kujera ce dai kawai. Shugaba ba ta da ikon umartar kowa, kowane jagora babban Fadansa yake ji. Aikinta ta kira taro, ta raba faɗa, ta tabbatar shayi bai huce ba. A gida tana ƙarƙashin Fada Kuruvila, a taro tana samansa, kuma bai taɓa manta ko ɗaya daga cikin biyun ba.

A daminar shekararta ta uku a kujerar, ana gobe taro, Shaji ɗan Ittup ya bugo waya cewa tsohon ya daina cin abinci.

"Pailo, fito da akwalar motarka," in ji ta.

"Yaya, cikin wannan ruwan? Hanya ta zabtare a wuri biyu."

"To ba ni makullin."

"Ke? Ƙafarki ma ba ta kai birki ba."

Na dai tuƙa. Muka same shi kwance a kan gadon igiya, ya zama kamar itacen da yake faskarawa, ga kwanon kunun shinkafa a gefe ko taɓawa bai yi ba. Shaji ya ja mu baranda.

"Malama, maganarsa ɗaya ce, riga. Na je wurin Fada, ya ce Baba ba ɗan gidansu ba ne. In zai faɗi kalmomin nan na sakin Gidan Tudu ko a kwance ne, Fada zai zo da kansa ya ji, ya kawo rigar. Na yi lallashin duniyar nan. Ku gwada, ko ke zai ji."

Ta zauna a bakin gadon ta kama hannunsa.

"Baba Ittup, ni ce Sosamma."

"Na gane ki. 'Yar gudun hijira."

"Na ji. Baba, magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba. Allah ya san zuciyarka."

"In ya san zuciyata, me ya sa zan yi masa ƙarya da bakina?" Ya tsaya ya huta. "Ke da kika faɗa, abin ya daina yi miki ciwo?"

Ta ce, "Bai daina ba."

"To kada ki kawo mini shi gab da tafiya. Ba na ce a buɗe mini gidan ba. Rigata kawai nake so."

Muka kamo hanyar saukowa. Ni kuwa na zagi tsohon, na zagi Fada, na zagi ramukan hanya. Tsoro nake ji, don na ga numfashinsa, kuma na yi zaman kanti na sayar da magani tsawon rayuwata, na san irinsa.

Washegari jagorori suka cika zauren baƙi na Gidan Kwari, da Fada-Fada da Sistoci, lemominsu na ɗiga a bakin ƙofa. Ni ina baya wurin tukunyar shayi, don ba mai korar direban shugaba. Sosamma ta ture duk abin da aka tsara za a tattauna, ta ɗora maganar Ittup a gaba. Ta roƙi ƙungiya ta yarda cewa wanda gidansa ya rufu, kowane gida na iya ba shi riga.

Fada Kuruvila ya miƙe. Zan yi masa adalci ko da ba na so: ba mugu ba ne, kuma maganarsa ba ta banza ba ce.

"Malama, ba gini ake yi wa alkawari ba, mutane ake yi wa. Mutanen Gidan Tudu suna nan a ɗakin marasa lafiyarmu, ni nake ba su magani. Ittup bai taɓa saukowa ya gaishe su ba, kwaɗo yake zuwa gaisarwa. Rigar nan shaida ce cewa mutum ya yi biyayya ga wani gida. In na sa wa wanda ya ƙi biyayya, me zan ce wa ku da kuka haɗiye baƙin ciki kuka sauko?"

"Ka ce mana mun fi shi sauƙin kai, Fada. Ba za mu ji haushi ba."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Wata tsohuwar Sista ta ce tana bayan Malama, amma gidansu na mata ne. Wani Fada ya ce sai ya tambayi babbansa, babban kuma yana ƙasar waje. Wani ya ce a kafa kwamiti. Kwamiti! Mutum na can yana jan numfashi da ƙyar. Sosamma ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, kamar yadda take bin 'yan aji, amma waɗannan ba 'yan mata ba ne, kowa ya sunkuya yana juya cokali a kofi. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Na fita, na dawo, na tsaya a bakin ƙofa. Ta dube ni ta gane.

"An ɗage taro," in ji ta.

Na ɗauka tudu za mu nufa, sai ta ce in bi ta gidanta. Ta shiga ta fito da ƙunshi a jakar leda. Sai a lokacin na tuna. Shekarun baya da aka yi mata aikin zuciya, likitoci sun fid da rai, Fada Kuruvila ya kawo mata rigarta har asibiti. Ta tashi, ta kuma ƙi mayarwa, wai kyauta ba ta komawa.

"Yaya, kin san abin da za su yi miki?"

"Na sani. Tuƙa."

"Rigar Gidan Kwari ce fa. Ke ba ki da ikon sa wa kowa."

"Pailo, in surutu za ka yi, sauka in nemi haya."

Da muka isa gidan ya cika. An yi wa Ittup wanka, an sa masa farar riga da farin zane kamar kowane mamaci, an kwantar da shi a tsakar ɗaki da kyandir a wajen kansa, mata na waƙar makoki. Fada Kuruvila kuma ya riga mu isa da motar gidan zuhudu, ya zo yi wa mamacin addu'a. Ban yi tsammaninsa ba.

Sosamma ta ajiye takalmanta, ta ratsa mutane, ta kwance jakar. Baƙin yadin na bayyana waƙa ta tsaya.

"Malama," in ji Fada a hankali, "mayar da ita."

"Tawa ce, Fada. Kai ka ba ni."

"Na ba ki don jikinki. Ba ni da ikon ba shi, ke ma ba ki da shi. In kika sa masa, dole in gaya wa babban Fada, kuma kin san ba kujera kaɗai za ki rasa ba."

"Na sani."

"Ina roƙonki. Kada ki sa ni yin abin da ba na so."

Wallahi da gaske yake. Sosamma ba ta mayar da rigar ba. Ta juya wurin Shaji.

"Ɗana, mahaifinka ne. In ka ce a'a, na nannaɗe abata na tafi."

Shaji ya dubi Fada, ya dubi gawar, ya fashe da kuka. "A sa masa, Malama."

Sai ga wata matsalar. Jikin ya riga ya sandare, hannuwa sun ƙi lanƙwasuwa, rigar kuma ta kai ake zura ta. Muka gwada ni da Shaji, abu ya faskara. Ruwa na ta dukan rufi. Na ga Fada ya ɗan saki ajiyar zuciya, yana ganin abin ya ƙare da kansa.

"A ba ni almakashi," in ji Sosamma.

Matar Shaji ta kawo na ɗinki. Sosamma ta shimfiɗa rigar a kan tabarma, ta durƙusa, ta yanka ta ta baya tun daga wuya har ƙasa. Yadin mai kauri ne, almakashin kuma dakusasshe, sai da ta yi ta ciza shi kaɗan kaɗan, kowa na ji. Muka lulluɓa masa ta gaba, muka cusa gefunan a ƙarƙashinsa. An ɗinka ta ne daidai tsawon Sosamma, don haka da ƙyar ta wuce masa gwiwa, farin zanen ya leƙo ta ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. Fada Kuruvila ya rufe littafinsa, ya sunkuyar da kai ga gawar, ya fita cikin ruwa ba lema.

Kafin damina ta wuce aka kira ta gaban babban Fada. Ya ce ta amsa cewa ta yi kuskure, a bar maganar. Ta ce ta amsa ta karya doka, amma kuskure kam ba za ta ce ba. Aka warware alkawarinta. Wanda ba ɗan kowane gida ba kuwa ba ya zama jagora, balle shugaban jagorori, sai ƙungiya ta zaɓi wani Fada, ta aiko mata da godiya da kwandon ayaba. Na so in mayar musu da shi, ta ce in ajiye, ayaba ba ta yi laifi ba.

Abin ya ci ta, kada wani ya gaya maka bai ci ta ba. Ta ci gaba da addu'o'inta a kan lokaci, ita kaɗai a baranda. Ranar taron 'yan alkawari in na biya ta ƙofarta da jif, sai in ga ta shige ciki don kada in tsaya. Ta rame. Ko tsokanar Shugaba na daina, don na ga ba ta ramawa.

Bara ta rasu, zuciyar ce dai. Da safe na sauka Gidan Kwari na sami Fada Kuruvila, shi ma ya tsufa. Ban roƙa ba, na ce masa ya ba ni rigar da za a sa mini in na mutu, yau nake son ta. Ya dube ni. Ya san inda rigar za ta, ya kuma san abin da zai biyo baya gare ni da shi. Ya shiga ya ɗauko ya miƙo mini, bai tambaye ni komai ba.

Na iso da ita a hammata, na tarar an riga an shirya Sosamma cikin fararen kaya. 'Yarta Rahel ta tare ni a bakin ƙofa, ta dubi ƙunshin.

"Baba Pailo, mayar. Ta san za ka yi haka."

"Matsa mini, yarinya."

"Ta ce in gaya maka, ita ta san farashin tun kafin ta saya. Ta ce in ka sa mata, ka mai da Baba Ittup wanda ya ci bashi ke nan, alhali kyauta ta ba shi."

Na tsaya a barandar riƙe da baƙar riga, ina jin haushinta kamar in yi ihu, har aka fito da ita cikin farin zanenta aka wuce ta gabana.