Basillar Baba a Ɗakin Baje Koli

Jama'a, yau Baba ya taɓa abin da aka rubuta kada a taɓa, kuma aka tafa masa!

Kun san yau aka buɗe baje kolin masu zane a Funtua. Nawa aikin tsofaffin buhunan masara ne, na haɗe su da ɗinki, na zana hannun manomi a kai. Baba kuwa kullum cewa yake wasa nake da shara. Da ƙyar Inna ta lallashe shi ya taho daga Maska.

Yana shigowa ya nufi nawa, ya ƙura masa ido. Ya ce, "Rabi, wa ya koya miki wannan ɗinki? Ai ko masara ba zai riƙe ba."

Kafin in buɗe baki ya zaro basilla daga aljihu, ya warware gefe ɗaya, ya hau ɗinki. Mai kula da ɗakin ya rugo yana cewa, "Alhaji, ba a taɓawa!"

Ga kuma wata Hajiya da ta zo daga Kaduna zaɓen ayyukan da za a kai Abuja tana tsaye a bayanmu. Sai ta ce, "Ku ƙyale shi." Ba ta motsa ba har ya ƙulle zaren. Mutane suka hau tafi.

Ta ce, "Wannan zan ɗauka. A rubuta sunansu su biyu."

Baba ko kallonta bai yi ba. Ya ce da ni, "Juyo mini ɗaya gefen. Aikin 'yata ba zai je Abuja da ɓaraka ba."