Mai gaishe da bunsuru

Akwai wani ɗan ƙanin babana a unguwar Didaouré da ya yi shekaru bai tako gidanmu ba, ko lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da Inna, mahaifiyata. Da na sa akwatin waifai na intanet a ɗakinta, don nan ne soket mai kyau yake, sai zumunci ya motsa masa. Ya zo da fara'arsa, Inna ta sa na ba shi lambar sirri.

Tun daga ranar, kullum da safe yana durƙushe a ƙofarta. "Inna, an tashi lafiya? Ya ƙafar?" Baki na gaisuwa, ido na kan wayar da ya ɓoye tsakanin gwiwoyinsa. Gaisuwar ba ta ƙarewa sai bidiyonsa ya gama sauka. Ita kuwa sai sa masa albarka take, wai yaron nan ya yi hankali. Yaro, da furfura a gemu!

Sai na sa aka ja wayar lantarki, na mayar da akwatin can ƙuryar gida, jikin turken awaki.

Bai sake tambayar ƙafar Inna ba. Amma babu safiyar da bunsurunmu bai samu mai durƙusa masa ba.