Allurar Da Na Ƙaryata A Murhun Surukina

A ƙarshen shekarun 1990 ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gwandu, ban daɗe da aure ba. Sai wani abokin karatuna da ke bincike a jami'a ya zo mini da wata na'ura: zaren gilashi siriri kamar gashin kai, haɗe da ƙaramin akwati mai allura irin hannun agogo. Ya ce haske ke bi ta cikin zaren, idan iska mai guba ta taɓa bakinsa sai hasken ya sauya, allurar ta motsa, kuma yana jure zafin da ke narkar da sauran ma'aunai. Wurin gwaji yake nema, ni kuwa cikin alfahari na kai shi Kalgo, inda surukina ke da murhun gasa jan bulo. Abokin nawa ya dasa zaren a cikin murhun, ya bar mini aikin rubuta abin da allurar ta nuna duk Asabar.

Mako uku a jere ina ganin abu ɗaya. Bayan wuta ta mutu, gubar takan daɗe a ciki, daidai lokacin da ma'aikata ke shiga kwasar bulo suna kukan ciwon kai. Na durƙusa gaban surukina, kaina a ƙasa, na roƙe shi a ƙara kwana biyu kafin a riƙa shiga. Ya ce tun ban iya wanke hannu ba yake wannan sana'a, ya tambaye ni ko so nake ma'aikatansa su watse. Nauyinsa ya kama ni, na ba shi haƙuri. Na zare zaren da hannuna, na rubuta wa abokina cewa ya ƙone. Ma'aikatan ko kalma ban faɗa musu ba, alhali tare muke sallar azahar.

Ba a yi wata biyu ba wani magidanci daga Wurogauri, ɗaya daga cikin ma'aikatan, ya yanke jiki ya faɗi a cikin murhun. Ya rayu, amma bai ƙara tafiya daidai ba, sunayen 'ya'yansa ma sai an tuna masa. Da abokina ya zo ya gwada zaren, ya tarar lafiyarsa lau. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai tambaye ni ko mutanen sun san abin da na gani.

Surukina ya sauya tsarin aikinsa daga baya, ni kuwa sai da na shekara kafin na iya zuwa gidan magidancin nan na faɗa wa matarsa gaskiya. Ta ce ta ji, Allah na nan. Ba ta ce ta yafe ba.

A da ina kiran abin da na yi ladabi, yanzu na san tsoro ne. 'Yan uwa, wanda ya ga haɗari a wurin aiki, in mai wurin ya ƙi ji, ya faɗa wa masu shiga ciki, domin su ne za su shaƙa.