Allura Ta Goma

Duk yaron da aka haifa a Gidan Kanya, ƙauyen nan na gefen hanyar Bakori zuwa Funtuwa, in dai bai haura ashirin ba, to ya taɓa buɗe wa Tasalla baki. Shekara goma sha takwas tana bin gida-gida da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, tana ɗiga wa yara maganin shan-inna. An rufe mata ƙofa, an zage ta, an ɓoye mata yara har cikin rumbu. Ita kuwa sai ta shimfiɗa mayafi a zaure ta ce ba inda za ta sai an fito da su. In ta ɗiga wa yaro, sai ta kama ƙaramin yatsansa na hagu ta shafa tawada, shaidar an yi. Akwai abokan aikin da in rana ta take suke shafa tawadar kawai su wuce. Ta taɓa kama wata tana haka, suka yi kaca-kaca a gaban mai unguwa. Ita dai ba ta taɓa shafa wa yatsan da ba ta ɗiga wa mai shi ba, kuma da wannan take tinƙaho.

Jikarta Fiddausi tun yaye take wurinta. Yarinya ce mai shekara bakwai, mai surutu kamar rediyo, sai dai sikila ta hana ta ƙiba. Ruwan sama kaɗan ya taɓa ta, sai ciwon ƙashi ya kwantar da ita kwana uku. Da korona ta shigo, likitan da ke duba ta a Malumfashi ya ce wa Tasalla, "Inna, irin waɗannan yaran ake ji wa tsoro. Kada ki bari wani abu ya kama mata ƙirji." Tun daga ranar, ko tari maƙwabci ya yi sai gaban Tasalla ya faɗi.

Allurar rigakafin korona ta iso ɗakin shan maganin ƙauyen ana tsakiyar karyar masara. Tasalla ce ta fara zuwa, riƙe da hannun Fiddausi. Malam Aƙilu, jami'in da ke kula da wurin, wanda tare suka sha ranar aikin shan-inna, ya girgiza kai. "Inna Tasalla, daga shekara goma sha takwas ne zuwa sama. Ba a kawo ta yara ba."

Abin ya ɗaure mata kai. Shekara da shekaru tana bin yara da maganin da iyayensu ba su so, yau ga yarinya an kawo da kanta, an ce babu.

Malam Aƙilu ma yana da tasa damuwar. Kwalba ɗaya ta mutum goma ce, in an buɗe kuma bayan awa shida sai zubarwa. Mutane suna gona, waɗanda ke gida kuma sun ce ba da su ba. Ya roƙe ta ta taimaka ta tattaro masa goma. Nan dabara ta zo mata. A aikin da ta sani, ba a mayar da yaro gida alhali akwai sauran magani a kwalba. To, tara za ta kawo.

Kwana huɗu tana fama. Ta bi gonaki, ta bi inji inda ake casar masara, ta tuna wa wannan mutumin ranar da ta karɓi haihuwar matarsa, ta yi wa wancan gorin tsoron allura da gemunsa. Ranar Laraba ta jera mutum tara a kan benci, ta yi wa Fiddausi wanka da ruwan ɗumi ta sa mata kayan Sallah.

Aka buɗe kwalba. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙa hannu suka koma gona. Da na tara ya fita, Tasalla ta tura Fiddausi gaba. "Ga ta goma."

Malam Aƙilu ya dube ta, ya gane duk abin da ta shirya. "Inna, wallahi ba zan iya ba. Awon manya ne. Ban san abin da zai yi mata ba, kuma ba ni da izini."

"Rage mata. Rabi. Ko ɗan kaɗan."

"Ba ɗigon baki ba ne, Inna."

Ta roƙa, ta yi faɗa, ta tuna masa shekarun da suka yi tare. Bai musa mata ko ɗaya ba. Sai can ya ce a hankali, "Ke ba a yi miki ba. Ke kike kwana da ita, ke kike shiga kasuwa ki dawo mata. Abin da zan iya yi mata ke nan."

Haka ta naɗe hannun riga, ranta a ɓace, aka yi mata allurar da ta sha rana kwana huɗu domin wata. Ba ta ji zafin tsinin ba, kunya ce ta ishe ta.

Da suka koma gida suka shiga ɗaki, Fiddausi ta ce, "Inna, ni ba a yi mini ba saboda ba ni da lafiya ne?"

Yarinyar ta miƙo ƙaramin yatsanta na hagu. "To ki sa mini tawada, kar ƙawayena su Hansai su ce an ƙi ni."

Tasalla ta daɗe tana kallon yatsan, siriri kamar tsinken tsintsiya. Sannan ta buɗe tsohuwar jakar aikinta ta lalubo alƙalamin tawadar. Ya kusa bushewa, sai da ta goga sau uku kafin ya kama.

Fiddausi ta fita da gudu tana ɗaga hannu, tana cewa an yi mata. Tasalla ta zauna bakin gado da alƙalamin a hannu, ta kasa mayar masa da murfi.