Hoton da Na Ce Ya Ɗauku

Har yau in na tuna da gilashin nan sai na ji wuyana ya ɗau zafi. Gilashin kyamara nake nufi, dogon nan da ake murɗawa a gaba, wanda yayana ya ba ni ranar da zan baro Kano. Shi mai hoto ne a Fagge, ya san abu mai kyau. Ba kamfanin da ya ƙera kyamarar ne ya yi gilashin ba, wani kamfani ne daban da ke yin nasa don su hau kan kyamarorin wasu. Amma wallahi gilashi ne! Ka ɗan taɓa maɓalli kawai, sai ya yi zuuu, ya nemo fuskar mutum da kansa, ya tsaya cak. Shekara da shekaru ina aiki da shi a kan tsohuwar kyamarar fim ɗin da suka zo tare, har abokan aikina a filin jirgi suna yi mini tsiya wai ni kaɗai na rage a New York mai kai hoto wanki sai ka ce riga.

Da tsohuwar ta mutu, na je wani shagon kayan hannu a Manhattan na sayi wata ta kamfani ɗaya, ta fim ita ma, sai dai ƙirar baya-bayan nan. Ban tafi haka kawai ba, da gilashina na je. Na tambayi mai shagon ko za su zauna lafiya. Ya karɓa ya murɗa, ya shiga daidai. Ya auna ni a cikin shagon nan nasa mai duhu kamar rumbu, gilashi ya nemo ni, kyamara ta yi ƙas. Ya miƙo mini yana murmushi, wai ga shi nan, me kuma nake so? Na gwada a falon gidanmu da ke titin Grand Concourse sau uku, lafiya ƙalau. Na saka ta a jaka na manta.

A cikin watan nan ne surukina ya zo. Matata ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta sa mahaifinta a ido ba, don takardunta ba su kammala ba, in ta fita ba ta da hanyar dawowa. Da ƙyar da addu'a Baba ya samu biza ya zo mana wata guda, kuma tun a mota ya faɗa mana cewa wannan ce zuwansa ta farko, ita ce ta ƙarshe, ƙafafunsa ba za su sake ɗaukar zaman jirgi ba.

Baba ba ya son hoto. In aka ɗaga waya a gabansa sai ya sa hannun riga ya kare fuska, ya ce ba za a yi ta yawo da shi a aljihun mutanen da bai sani ba. Matata kuwa ba ta da hoto ko ɗaya da ita da shi, ko na yarinta. Sati uku tana lallaɓa shi, da fura, da tuwon shinkafa, da hawaye. Ran da zai tafi da safe ya sauko.

Ya ce, “To, na takarda. Guda ɗaya. Malam ya ɗauka da abin nan nasa, ba da waya ba.”

Malam ɗin ni ne. Haka yake kirana, ni kuma ban taɓa haɗa ido da shi ba tun ranar ɗaurin aure.

Ya sa babbar rigarsa fara, ya zauna a kujerar falo ya ce a ɗauka nan. Ni da iyayi, ni da na san hoto, na russuna na ce, “Baba, da za a daure a sauka ƙasa, hasken waje ya fi.” Hawa huɗu muka sauko da dattijon nan, lif ɗinmu na hawa bene ya lalace kamar kullum, yana dafe da bango, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Na sauko masa da kujera na ajiye a bakin gini. Rana tarwai, sama ba ko ɗigon gajimare. Matata ta tsaya a bayansa, sai ya ce a'a, ta zo gefensa, ya kama hannunta ya ɗora a kafaɗarsa. Ban taɓa ganin ya yi haka ba.

Na ɗaga kyamara na taɓa maɓalli. Gilashi ya yi zuuu gaba, zuuu baya, ya wuce fuskarsu, ya dawo, ya sake wucewa kamar maye. Da ya ɗan tsaya na danna. Ta yi ƙas, amma rabin ƙas, sai komai ya yi baƙi ƙirin a idona. Madubin ciki ya ɗaga ya ƙi saukowa, fim bai motsa ba, wani ɗan rubutu na ta ƙyaftawa a saman kyamarar. Na san ba ta ɗauka ba. Na sani sarai.

Su kuwa sun ji ƙara. Baba ya riga ya sa hannu a gwiwa zai miƙe, gumi na bin wuyansa, ga wasu 'yan Nijar masu shago a gefenmu sun fito suna kallo. Matata ta dube ni.

“Ya ɗauku?”

Na ce, “Ya ɗauku.”

Kai, tir da wannan baki nawa! Me zai faru in na ce Baba a yi haƙuri a sake? Ba dukana zai yi ba. Amma ina! Ni da na sauko da surukina hawa huɗu, na zaunar da shi a rana, in buɗe baki a gaban mutane in ce abin nawa ya ƙi? Kunya ta hana ni. Na ɗauki kujera na bi bayansu, da yamma na kai shi filin jirgi da kaina, har ya sa mini albarka.

Washegari bayan na tashi daga aiki na wuce wurin wani mai gyaran kyamara a unguwar Jamaica nan cikin New York, Bahaushen Kumasi, mutum mai sanyin magana har ya ba ka haushi. Ya cire batir ya mayar, madubi ya sauko. Ya ɗauka a cikin shago, ta yi. Ya fita bakin titi ya ɗauka, ta maƙale. Ya dawo yana dariya.

Ya ce, da irin kiran mutanen Kumasi, “Massa, gilashin nan tsohon yare yake ji.”

Ya bayyana mini cewa kyamara da gilashi magana suke yi da juna ta 'yan ƙarafan da ke bakinsu. Masu gilashina ba a taɓa koya musu maganar ba, laɓewa suka yi suka kwaikwaya. Da masu kyamara suka fito da sababbi sai suka ɗan sauya ta. A wuri mai duhu ƙofar hasken gilashi a wangame take, ba a nemi komai a wurinsa ba, sai a wuce lafiya. A rana kuwa sai kyamara ta ce masa ya tsuke ƙofar, shi bai gane ba, ita kuma ta yi fushi ta kulle. Da can masu gilashin suna canza wani ɗan abu a ciki, amma sun daina tun tuni.

Na ce, “Wato su biyu suna rigimarsu a can, ni ne zan sha?” Na zage su tas, da masu kwaikwayo, da masu sauya magana ba sanarwa, da mai shagon da ya gwada mini a cikin duhu ya ce me kuma nake so. A ce ƙarfe ya shiga ƙarfe daidai, ya yi ƙas, ya yaudare ka! Da ya ƙi shiga tun farko ai da na san inda na dosa. Mai gyara ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni a ina na ɗauki hoton. Na faɗa masa.

Ya ce, “Ai da a ɗaki ka ɗauka da ya yi.”

Na kwashi kyamarata na fice.

Kwana goma sha biyu ina yi wa matata ƙarya. Fim bai ƙare ba. Masu wanki sun rufe. Sun ce sai wani satin. Kullum na dawo sai ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata, ni kuma in hau faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, gishiri ya yi yawa, an bar fitila a kunne. Wata Asabar da hantsi tana yanka albasa a kicin na ji tana waya da ƙanwarta, tana cewa ta faɗa wa Baba ya ƙara haƙuri, biyu za a wanke, ɗaya nasa. Da ta ajiye wayar na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata duka. Na fara da kamfanonin, ina ɗaga murya, ina bayanin ƙofar haske da tsohon yare, har da nuni da hannu.

Ta bar ni na kai ƙarshe. Ta ajiye wuƙa.

“Yaushe ka sani?”

Na ce masu gilashin nan ai tun farko su ne...

“Malam, yaushe ka sani?”

Na ce, “A lokacin.”

“Yana zaune?”

“Yana zaune.”

Ba ta yi ihu ba, kuma wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta goge hannu a zaninta a hankali.

Ta ce, “Da ka ɗan yi mini ido kawai. Ni 'yarsa ce, da na durƙusa a kan titin nan na roƙe shi, kuma da ya zauna. Kunyarsa ka ji. Ni da na tambaye ka, ba ka ji tawa ba.”

Ta ɗauki wayarta ta miƙo mini, ta ce in kira shi in faɗa masa da bakina, ita ba za ta iya ba.