Faifan da Aka Gwada a Sabon Gari

A Zariya ba a sayen kayan wuta a rufe. Ko ƙwan fitila ne, sai mai shago ya ɗaura shi ya kama a gabanka. Rediyo sai ta yi magana, dutsen guga sai ya ɗau zafi ka taɓa da bayan yatsa. Wanda ya ɗauki kaya ya tafi ba gwaji, gobe ya dawo da ƙorafi, ba mai sauraronsa. A kan wannan muka tashi, kuma ban taɓa jin wanda ya yi da-na-sanin gwaji ba sai a shekarar da Malam ya karye.

Malam abokina ne tun muna ɗalibai a Samaru. Mutumin kudancin Kaduna ne, yana koyar da lissafi a wata sakandare, yana haya a Bomo saboda ya fi son wurin da zai buɗe taga ya ga gona. Ni kuma ina aiki a gidan rediyo. Abin da ya riƙe zumuncinmu bayan karatu wasan kwamfuta ne. Mu kaɗan ne, duk magidanta ko masu shirin zama, kuma muna da tsari: wanda ya sayi faifan wasa ya gama, sai ya miƙa wa na kusa, ya zagaya har ya dawo a goge. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin laifi ba. Faifai a wurinmu kamar littafi ne, in ka saya naka ne, ka ara wa wanda ka so.

Da damina ta kankama, babur ya zame da Malam a hanyar makaranta, ya karye a cinya. Aka sa masa ƙarfe, aka ce ya kwanta sai abin da hali ya yi. Mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye tana jinyarsa. Makonnin farko yana ba'a da masu dubiya. Daga baya ya rage magana, ya daina tambayar labarin ɗalibansa, abinci ma sai Mama ta yi da gaske. Wata rana na tambaye shi ko akwai abin da yake so. Sai ya ambaci wani sabon wasa da ya fito, na wani matafiyi da ke neman hanyar komawa garinsu. Ya ce tunda an hana shi tafiya, bari ya yi ta wani. Shi ne abu ɗaya da ya nema a duk jinyar, don haka na ƙudura sai na kai masa.

A Sabon Gari akwai wani mai shago da muka saba da shi. A gaba yana sayar da faifai da kayan kwamfuta, a baya ya jera kujeru matasa na buga wasa. Haifaffen unguwar ne, yana yi wa yaran shagon Turancin kasuwa, ya juyo gare ni da Hausar Zazzau tas. Ya yi mini odar wasan, na asali, a kwalinsa. Da ya iso na je karɓa, na miƙa hannu zan sa a jaka, sai ya riƙe.

"Oga, kaya bai taɓa fita daga shagon nan ba gwaji ba. Ka kai wa mara lafiya abu ya ƙi tashi, wa za a zaga?"

Na ga gaskiyarsa, har na ji daɗin hakan. Ya yage leda, ya sa faifan a kwamfutarsa. Wasan ya nemi wata doguwar lamba da ke cikin kwalin, ya shigar. Ya nemi sunan da mai shagon ya yi rajista da shi a wurin kamfanin da ya yi wasan, ya shigar da nasa. Hoto ya fito tangaram, matafiyi ya tsaya a bakin wani kogi. Muka gyaɗa kai, ya cire faifan, ya goge shi da gefen rigarsa ya ba ni.

A ɗakin Malam muka ɗora kwamfuta a kan kujera kusa da gado. Na haɗa ta da intanet ɗin wayata, na ɗaga wayar a bakin taga don a nan kaɗai sabis ke ɗan leƙowa. Muka shigar da lambar. Rubutu ya fito cewa an riga an yi amfani da ita. Muka sake, muna duba kowane harafi. Amsar ba ta canja ba. Sai da na karanta ƙananan rubutun bayan kwalin na fahimta: lambar sau ɗaya take aiki, kuma tana manne wa sunan wanda ya fara shigar da ita. A idon kamfanin, mai wasan shi ne mai shago. Abin da ke hannunmu roba ce kawai mai sheƙi.

Malam ya yi dariya, ta farko da na ji daga bakinsa cikin makonni, amma ba mai daɗi ba.

"Wato kun kawo mini faifai, kun baro wasan a Sabon Gari."

Ya juya fuskarsa bango. Mama ta dube ni, ta tambaya ko abin ya lalace ne. Na ce lafiyarsa ƙalau, izini ne babu. Ta ce izinin wa, ba ka biya ba? 

Maganar ta zagaya cikin abokanmu, kowa da inda ya dosa. Wani daga cikinmu mai gyaran kwamfuta a unguwar Jama'a ya ce laifinmu ne da muka sayi na asali, da an bari 'yan fasa makulli sun saki nasu, da tuni Malam ya yi nisa. Da ya bincika sai ya dawo a sanyaye. Wannan wasan ba ya fasuwa, don wani ɓangarensa ba ya cikin faifan sam, yana can kan na'urorin kamfanin, kuma dole kwamfutarka ta riƙa magana da su muddin kana bugawa. Wasan mutum ɗaya ne, ba abokin karawa, amma ba ya motsi sai da intanet. Wani ya ce ya daina sayen kayan wannan kamfani har abada. Na san a ransa zai saya.

Ni ban iya shiga zagin da zuciya ɗaya ba. A wurin aiki na sha zama da mawaƙan da suka fitar da waƙa da safe, kafin la'asar ana tura ta a waya a kowace kasuwa, su kuma ba su ga komai ba. Na san dalilin makulli. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne wanda ya ƙera wannan makullin bai taɓa tunanin ɗaki irin na Malam ba, mai rufin kwano, a bayan gonar masara, inda sabis ke zuwa ya tafi kamar wutar lantarki. Ya ɗauka intanet kamar iska ce a ko'ina. Da na faɗa wa Malam haka, ya ce shi bai ƙi a tambaye shi shaida a bakin ƙofa ba. Abin da ya ƙi shi ne mai gadin ya biyo shi har gado ya zauna, yana tambaya kowane minti.

Na koma wurin mai shago. Ya dafe kai, ya ce a iya shekarunsa a sana'ar bai taɓa cutar da mai saye ta hanyar kyautata masa ba sai yau. Ba zai iya ba mu lambar sirrinsa ba, don duk wasannin da shagon ke ci da su suna ƙarƙashin sunan nan, kuma in aka buɗe shi a Bomo sai ya rufe a Sabon Gari. Sabon oda kuwa zai ɗau lokaci. Ya kaɗa makullin babur, sannan ya ce ran Lahadi ba ya buɗewa. In an taso daga coci zai zo da kansa ya shigar da sunan.

Ya cika alkawari. Ya iso da takalman coci duk laka, ya gaida Mama har ƙasa, ya shigar da lambar sirrinsa yana kare allon da tafin hannu, Malam na tsokanarsa cewa gurgu ba ya gudu da kayan sata. Wasan ya buɗe. Matafiyi ya taka cikin kogi, sabis ya ɗauke, komai ya tsaya. Muka sa wayar a taga, muka rataye ta a ƙusa, muka ɗaure ta a doguwar sanda muka tura waje. A ƙarshe mai shago ya zaga da wayar a hannu, ya gano cewa sabis bai tsayawa sai a gindin mangwaron da ke ƙarshen tsakar gida.

Tun da aka dawo da shi daga asibiti Malam bai yarda an fitar da shi ba, ba ya son maƙwabta su gan shi a ɗauke. Ya dubi allon da ya daskare, ya dubi ƙofa.

"Ku ɗauke ni. Amma in kuka yar da ni, ku biyu za ku biya ƙarfen."

Muka ɗauke shi a kujera, Mama na biye da matashin da za a tallafe ƙafar, sannan muka fito da kwamfutar. A gindin mangwaro ya tsallakar da matafiyin kogin. Ya yi wasa har hadari ya haɗo daga gabas, sabis ya fara yankewa, wasan na mayar da shi baya duk lokacin da ya yanke. Wani tudu sai da ya hau shi ya sake hawa har muka haddace duwatsunsa. Bai yi fushi ba. Ya ce ɗalibansa ma haka yake musu da lissafi. Ran nan ya cinye tuwonsa a waje.

Haka Lahadi ta riƙa zuwa. Wata a yi nisa, wata ruwa ya hana, wata mai shago na da taron dangi. Ni ban soke ra'ayina ba: ba makullin ne ya fitar da Malam tsakar gida don alheri ba, mutumin da ya bar hutunsa ya biyo laka ne. Kafin a girbe masara Malam ya fara takawa da sanda, ya koma aji, jarrabawa ta taso. Ya bar matafiyin a ƙofar wani gari da ba nasu ba, da niyyar ƙarasawa in an yi dogon hutu. Hutu ya zo ya wuce da wasu hidimomin.

Bayan wasu shekaru mai shago ya kira ni ya ce kamfanin ya sanar zai kashe na'urorin wasan, daga nan ba wanda zai sake buɗe shi, har shi mai sunan. Na kai wa Malam labarin a makaranta, na same shi yana goge allo. Na ce akwai waɗanda suka ɗauki ƙarshen wasan a bidiyo, zan iya tura masa ya gani ko mutumin ya isa gida. Ya kakkaɓe alli daga hannunsa, ya ce in bar shi. Ya ce matafiyin da ya isa gida a bidiyon na wani ne, nasa yana nan a inda ya ajiye shi.