Waya Ta Biyu a Motar Yaya

Ni ce na saka wa Yaya manhajar motar a wayarsa, saboda haka duk abin da ya biyo baya da hannuna a ciki tun daga farko. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Hatsi yake saye da sayarwa a Dutsin-Ma, gero da dawa da wake. Ni kuwa koyarwa nake a wata sakandaren 'yan mata, kuma tunda aka ga ina taɓa kwamfuta, shi ke nan na zama likitar wayoyin dangi. Shekarar da fetur ya gagari kowa, Yaya ya tafi Kano ya dawo da wata farar mota mai aiki da lantarki, ta hannu. Sai da unguwa ta fito kallo. Mota tana tafiya ba ƙara ba hayaƙi, sai dai ka ji tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin taya. Ya cika rufin sitonsa da faifan sola, ya ce daga yau shi da gidan mai sai gaisuwa. Na ce, "Yaya, motar da ba ta tari ba ta atishawa, ranar da za ta mutu ma ba za ka sani ba." Ya ce in rufe masa baki, ba a tambayi auta ba.

Manhajar tana buɗe ƙofa, tana nuna saura nawa caji, sannan akwai taswira da wani shuɗin ɗigo wanda yake nuna inda motar take a kowane lokaci. Da tsohon layin Yaya na yi rajistar, don shi ne a cikin wayar ranar.

Yaya yana da amini a Ɗantutture, can ƙasar Kurfi, inda mahaifinmu ya bar mana gona. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, kuma shi yake noma mana gonar tun rasuwar Baba. Malam muke ce masa. Ya sha goya ni a wuya ina ƙarama, yana tsinko mini kanya. Tsakaninsa da Yaya akwai wata ɗabi'a da kowa ya sani: Yaya ba ya sayar da abin da ya gama amfani da shi. Riga ce, rediyo ce, babur ne, duk hanyar Ɗantutture suke bi. Da ya sayi sabuwar waya, tsohuwar ma ta bi hanyar, har da layin da ke ciki, don an rufe wa Malam nasa. Ni aka kawo wa sabuwar na haɗa ta da motar. Ko sau ɗaya ban tambayi ina tsohuwar take ba.

Wata safiya da kaka, ina shirin tafiya makaranta, Yaya ya kira ni. "Zo ki ga motarki ta yi yaji."

Na same shi a ƙofar gida yana zagaya ta, hularsa a hannu. Zai je Kurfi ɗaukar wake, motar ta ƙi motsi. Allon da ke gaban direba ya rubuta da Turanci cewa ana sabunta mata manhaja, kada a taɓa komai. Na fassara masa.

"Wa ke sabuntawar?"

"Waɗanda suka ƙera ta, Yaya. Daga can ƙasarsu."

"Wa ya ba su izinin shiga motata? Saye na yi ko aro suka ba ni? Ko mai gyaran taya sai ya yi sallama kafin ya taɓa mini mota!"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Wajen rabin awa muna tsaye, sannan allon ya dawo da wani sabon shafi da ban taɓa gani ba. Jerin wayoyin da ke haɗe da motar ne. Guda biyu. A gefen kowace an rubuta lokacin da ta duba inda motar take. Wayar Yaya ta kwana biyu ba ta duba ba. Ɗayar kuwa jiya da la'asar. Na ja shafin ƙasa. Shekaranjiya da safe, shekaranjiya da la'asar. Kullum, ba fashi. Dariyar ta ƙare, tsoro ya kama ni.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne ba zai gane abin da na ji ba. Mu yanzu ba a faɗin ranar tafiya. Yaya ko matarsa ba ya gaya wa zai je Kurfi sai ya sa takalmi. Yau ya fita da hantsi, gobe da azahar, jibi ya ce ya fasa. Kowa ya san mutanen daji ba sa tare ɗan kasuwa da ka, sai an nuna musu shi, an ce ga motarsa, ga lokacin da zai wuce. Mai nunawar shi ake kira infoma, kuma babu kalmar da ta fi ta muni a bakin mutanenmu yau. To ga mu muna ɓoye wa maƙwabta tafiya, alhali wata waya a ƙauye tana ganin duk inda taya ta taka.

Na ce, "Yaya, ina tsohuwar wayarka?"

"Tana wurin Malam. Mi ya faru?"

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon allon, duk da ba karantawa yake ba. Na danna wurin cirewa, sai aka ce an tura lambar sirri zuwa layin da aka yi rajista da shi. Layin yana Ɗantutture.

Na ce, "Kira shi ya ba wani ya karanto mana lambar, yanzu a gama."

"In ce mashi mi?"

"Ka ce gyara ake."

"In yi mashi ƙarya ke nan. In kuma na faɗi gaskiya, na ce mashi ina tsoronshi. Kyauta na ba shi, Auta. Tunda nike ban taɓa ba shi abu na waiwaya na tambayi yadda yake yi da shi ba. Ki bari, in mun haɗu ni na san yadda zan yi."

"Haba Yaya! Ranka ake magana, kai kana maganar kunya?"

Ya shiga mota ya ja ƙofa. Sun haɗu da Malam bayan nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, bai ce masa komai ba. Ni kuwa duk safiya sai na leƙa allon motar, in ga an sake dubawa, in tafi aji raina a dagule. Na yi masa magana har ya fara sauya hanya in ya hango ni. Na yi fushi, fushi na gaske, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Ana haka aka yi suna a gidan 'yar ƙanwar mahaifiyarmu a Kurfi. Ɗaki cike da mata, ana cin waina, hira ta gangaro kan wani mai shago da aka ɗauke a hanya. Wata ta ce ai sai da na gida. Ni da bakina da ba ya riƙe zafi, sai na ji ina cewa, "Mu ma ga shi nan, akwai mai kallon duk inda Yaya ya taka ta waya, safe da yamma, wayar kuma tana Ɗantutture." Wallahi ban ce infoma ba. Ban kama sunan kowa ba. Amma wa ke da wayar Yaya a Ɗantutture in ba mutum ɗaya ba? Sai wata ta ce a miƙo mata yaji. Na dawo gida ina ganin na ɗan sauke abin da ke raina.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, aka kira Yaya. Masu sintirin Ɗantutture sun je har gona sun kama Malam. Ina gidan lokacin, na ga yadda fuskarsa ta sauya. Ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, na san ya sani. Na faɗa motar ba tare da ya ce in shiga ba. Daga Dutsin-Ma har muka wuce Kurfi bai ce uffan ba, motar kuma ba ta da ƙarar da za ta rufe mana shirun. Ranar na tsani shirunta.

A zauren mai unguwa muka same su. Malam yana zaune a ƙasa, rigarsa a yage, leɓensa a fashe, hannun damansa a saɓule a kan cinya kamar ba nasa ba. Rigar ma ta Yaya ce, na gane ta. Wayar tana gaban mai unguwa a kan tabarma. Mutane sun cika ƙofa har haske ba ya shigowa sosai.

Mai unguwa ya ce, "Alhaji, an ce mutumin nan yana bin sawunka. Mun tambaye shi, ya ce ba zai yi magana ba sai ka zo."

Yaya ya durƙusa a gabansa. Malam bai ɗago ba, ya yi magana a hankali saboda bakin.

"Mai cajin waya ne ya nuna mani. Ya ce wanga ɗigon motar Alhaji ce. Ban yarda ba sai ranar da ka zo gona, na ga ɗigon ya zo ya tsaya bakin kukar nan. To tun ranar nike dubawa. In na gan shi ƙofar sito, sai in rufe in kama aikina. In na gan shi bisa hanya, sai in zauna. Ba ni tashi sai ya wuce Kurfi, ya shiga gari, ya tsaya ƙofar gida. Sannan in yi alwala."

Ya ci gaba.

"Ni na ɗauka da gangan ka bar mani shi. Na ce Alhaji ya san hanya ta lalace, shi ya sa ya ba ni in riƙa ganinshi."

Innalillahi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya miƙe, ya rantse a gaban kowa cewa in Malam infoma ne to shi ma infoma ne, a ɗaure su tare. Ya ce shi ya ba shi wayar da hannunsa. Mai unguwa ya ce shi ke nan, a yi haƙuri, zamani ne ya kawo. Masu sintirin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya miƙa hannun hagu ya ɗauki wayar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya ajiye a gaban Yaya.

"Mi ke nan?" in ji Yaya. "Ɗauki abinka."

"A'a, Alhaji."

"Don Allah ka ɗauka."

Bai ɗauka ba. Shekara da shekaru ana kai masa kaya, ranar ce ta farko da wani abu ya dawo daga Ɗantutture. Yaya ma ya ƙi taɓa ta. Ta zauna a kan tabarma tsakaninsu, har na sunkuya na ɗauka, don babu mai ɗauka sai ni. Sai a lokacin Malam ya dube ni. Tun ina cikin zanen goyo Auta yake ce mini. Ya ce, "Malama, kin yi gaskiya, hanya ba ta da kyau. Ki cire."

Mun kai shi wurin mai ɗori a Kurfi, muka dawo. A ƙofar gida na danna wurin cirewa, lambar ta shigo tsohuwar wayar da ke hannuna, na rubuta. Ko minti biyu ba a yi ba. Allon ya nuna waya ɗaya.

Har yau ba zan ce tsorona ƙarya ne ba. Wayar nan tana wuni a teburin mai caji, a cikin wayoyin gari, ba makulli, duk wanda ya ga dama zai iya ɗauka ya duba. Na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga, kuma gaskiya ne. Sai dai bai taɓa sa na ji sauƙi ba. Da na hau mota na je Ɗantutture da ƙafata na ce, "Malam, ara mini wayar nan," da ya miƙo mini yana tsokanata. Ban je ba. Na tafi gidan suna.

Rantsuwar Yaya ta fitar da Malam daga zaure, amma ba ta cire masa sunan infoma ba. In ya zo majalisa sai hira ta mutu. Hannun ma bai koma daidai ba, ba ya iya ɗaga garma. Da aka gama sussuka ya aiko mana da amfanin gonar cif, ya kwashe iyalinsa ya koma wurin dangin matarsa a Kuki. Yaya ya bi shi can da shadda da buhun shinkafa. Malam ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi fura, ya rako shi har mota da kayan a hannu.

Yaya bai taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba, kuma da ya yi da ya fi mini. Sau ɗaya na ce ya bari in haɗa tawa wayar da motar, ko don hankalinmu ya kwanta. Ya ce, "Ya isa, Auta."

Makon jiya ya tafi Kurfi da azahar, har rana ta yi ja bai dawo ba, wayarsa kuma ba ta shiga. Matarsa tana ta leƙe. Na shiga ɗaki na buɗe akwati na ɗauko tsohuwar wayar, ban san me nake nema ba. Na kunna, na buɗe taswirar. Ga Dutsin-Ma, ga Kurfi, ga hanyar a tsakaninsu, ba ɗigo. Na tsaya a ƙofar gida da ita a hannu har aka kira magariba, sannan farar motar ta shigo layi ba ƙara. Ya ce taya ce ta fashe masa bayan Kurfi, a inda ba gida ba gona, ya fi awa biyu a tsaye shi kaɗai. Babu wanda ya san yana wurin.